Huhun Aro

A tashar 'yan kwana-kwana babu mai kiransa da sunan yanka. Na-Gaba ake ce masa, domin shi ke riƙe bakin tiyo, shi ne kuma mutum na farko da wuta ke gani idan an ɓalle ƙofa. Sauran suna biye, kowa da hannu a kafaɗar na gabansa. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa, idan ranta ya ɓaci, takan ce, "Na-Gaba a wurin gobara, na ƙarshe a wurin cefane."

Ba son wuta ne ya kai shi aikin ba. Ana ɗaukar ma'aikata ne, shi kuma dogo ne mai ƙirji, kawunsa ya ce masa aikin yana da fansho. Bai tambayi yadda fansho yake ba. Ya ɗauka wani abu ne irin furfura, wanda kan zo da kansa idan lokaci ya yi, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Tashar tana da motoci biyu, ɗaya tana fita, ɗaya ana cire mata kaya ana sa wa mai fitar. Akwai doguwar hasumiya inda ake shanya tiyo, da benci a gindinta, da jerin takalman roba tsaye a bakin ƙofa, kowanne da wandonsa a zube a kansa, don mutum ya zura ƙafa ya ja sama kawai. Akwai tukwanen iska da takunkumi, ana goge su sosai ranar da manya za su zo dubawa. Sauran ranaku tawul ake jiƙawa a ɗaure a hanci.

Aikin yana da ladabinsa, wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Ba a tari a gaban jama'a. In an dawo daga gobara, mutum ya zagaya bayan hasumiya, ya dafa bango, ya fitar da baƙin da ya shaƙa, ya shanye gwangwanin madara, ya dawo benci yana tsokanar wani. Wanda ya kai ƙarar ƙirjinsa ofis, sito ake tura shi ƙirga bokitai, a yanke masa alawus ɗin haɗari, abokai kuma su riƙa gaishe shi da taushin murya kamar mai jego. Na-Gaba ya koyi wannan a watansa na farko, kuma ya riƙe shi da kyau fiye da duk abin da aka koya masa a makaranta.

Sau ɗaya a shekara ana gwajin huhu. Mutum ya hura iska cikin wani bututu, na'ura ta fitar da 'yar takarda. Wanda ya faɗi, an sauke shi daga mota. Tsohon likitan da ke zuwa yana ajiye na'urar a ɗakin ciki, shi kuma ya zauna a na waje da jarida, yana kiran lamba yana karɓar takarda. A nan direbansu ya samu sunansa.

Zugazugi ake ce masa. Gajere ne, ƙirjinsa kamar ganga, kuma tun da ya fara aiki bai taɓa shiga gidan da ke ci ba, domin wurinsa a gindin mota ne, hannu a kan famfo, yana tura wa na ciki ruwa. Huhunsa sabo ne fil, ba a taɓa amfani da shi ba sai wajen gardamar ƙwallo. Ranar gwaji yakan shiga ya hura nasa, ya fito, ya sauya hula, ya koma ya hura na wani. Kafin azahar sai ka gan shi zaune a ƙasa jiri na ɗibarsa, ana yi masa fifita da kwali, gwangwanayen madara jere a gabansa. Wasu na cewa likitan ya sani. In ma ya sani, to mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga kai daga jarida ba.

Na-Gaba ya hura da bakinsa a shekarun farko. Shekarar da aka yi gobarar wani gidan ajiyar katifu, ya fito da tari mai kama da tafasar tukunya, gwaji kuma saura mako guda. Zugazugi ya dube shi ya ce, "Miƙo hular." Daga ranar bai sake kusantar bututun ba.

Game da fansho, ba za a ce ba a yi musu bayani ba. Lokaci-lokaci akan turo wani daga ofishin fansho da majigi da ƙananan littattafai masu hoton tsoho yana dariya a kan kujerar hutawa. Sukan zauna a baya suna roƙon Allah ƙararrawa ta kaɗa. Sau da yawa takan kaɗa. Ranar da ba ta kaɗa ba, Na-Gaba ya saurara har wurin da mutumin ya ce, "Hanyoyin barin aiki uku ne," daga nan fanka ta yi masa daɗi. Littafin da aka ba shi ya kai gida, matarsa ta daɗe tana kashe sauro da shi.

Ita ta fara ganewa. Suna zaune a hawa na biyu a gidajen ma'aikata, sai ta lura maigidan ya zama mai zumunci. A kowace kwanar matattakala sai ya tsaya ya gai da maƙwabta, ya tambayi yara, ya tambayi wanda ya yi tafiya da wanda ya dawo. In babu kowa, ya zaro waya ya duba ta da muhimmanci.

"Baban yara," ta ce masa wata rana daga sama, tana riƙe da tsintsiya, "wa kake gaisarwa yau? Bangon?"

"Saƙo ne ya shigo."

"Wayar tana nan a caji. Wannan akwatin tabarau ne a hannunka."

Ya hau sauran matakan a jere don ya nuna mata, ya shige banɗaki ya kunna famfo don kada ta ji. Ta ji.

Ana cikin haka tsohon likitan ya yi ritaya, lafiya lau, aka turo wata matashiya. Ita ba ta karanta jarida. Ta jawo na'urar ta ajiye kan teburinta, tana duba katin shaida, ta dubi hoto, ta dubi fuska, sannan ta miƙa bututu da hannunta. Zugazugi ya hura nasa ya fito ya zauna, a karon farko cikin shekaru ba jiri, ba madara, bai kuma iya kallon kowa ba.

Da aka zo kan Na-Gaba, ya cika ƙirji iyakar ƙarfinsa ya hura.

"Baba, ka hura mana," in ji likitar.

"Ai na hura, 'yata."

Ta dubi na'urar, ta bubbuga gefenta, ta cire waya ta mayar, ta hura da kanta a sabon bututu don ta tabbata ba ta lalace ba. Na'urar lafiyarta ƙalau. Aka ɗauki hoton ƙirji. Kafin wata ya ƙare an sauke shi daga mota, an kuma sanar da shi cewa hukuma ba ta da gurbin mai irin huhunsa, ko a sito.

Sai a lokacin ya je ofishin fansho da ƙafarsa. Jami'ar da ya tarar mace ce mai tabarau, mai haƙurin wanda ya faɗi magana ɗaya shekara da shekaru ba a saurara ba. Ta ba shi kujera, ta kashe fanka da ta ga yana tari, ta ce, "Yallaɓai, ka taɓa zama an yi maka bayanin tsarin nan?"

"An sha yi. Aiki ne ya yi yawa."

"To yanzu ya ragu. Bari in yi maka."

Ta ce duk wata ana cire wani abu daga albashinsa, hukuma ta ɗora nata, ana tarawa. Ƙofofin fita uku ne. Ta farko, mutum ya cika shekarun aiki, ya fita da cikakken fansho. Shi Na-Gaba saura 'yan shekaru ya cika, kuma ba zai cika ba. Ta biyu, aiki ya lalata wa mutum lafiya, kwamitin likitoci ya tabbatar. Wannan ana biyansa kamar ya cika, a kuma ɗauke masa asibiti da magani har ƙarshen rai. Ta uku, mutum ya fita kafin lokaci don wani dalili nasa. Wannan a lissafa abin da ya tara, a rage saboda ya yi saurin zuwa, a raba masa kaɗan-kaɗan, maganinsa kuma a aljihunsa.

"To ni ta biyu ce tawa," in ji Na-Gaba. Ya ji daɗin tsarin. Ashe abin ba wuya.

Ta buɗe fayil ɗinsa, ta juya shi ya fuskance shi. "Cutar aiki a hankali take zuwa, yallaɓai, tana barin sawu. Bana kaɗan, baɗi kaɗan. Kwamiti sawun yake bi. Kai kuwa, bisa ga wannan, har bara huhunka na ɗan wasan ninƙaya ne. Akwai ma shekarar da ya ƙaru."

Na-Gaba ya tuna shekarar. Ita ce wadda Zugazugi ya sayar da babur ya koma zuwa aiki a keke.

"Babu rahoton shaƙar hayaƙi ko ɗaya," ta ci gaba. "Babu hutun ciwo. Mutum ya shekara ashirin da wani abu yana shiga wuta ya fito kamar daga shagon aski."

"Muna shan madara."

Ta cire tabarau ta goge. Ta rage murya, ko da yake su biyu ne. "Ni ba a tambaye ni ba, kuma abin da ba a tambaye ni ba ba na faɗa. Amma na lura kusan rabin rukuninku huhu ɗaya gare ku. Idan ka gaya wa kwamiti cewa gwaje-gwajen nan ba naka ba ne, wanda ya hura kuma ya zo ya amsa, za a jefar da su a duba ƙirjinka yadda yake. Kana iya samun ƙofa ta biyu. Kai za a ja maka kunne, tunda ka riga ka sha hukuncinka a ƙirji. Shi kuwa kora ce. Korarre abin da aka cire daga albashinsa kawai ake mayar masa, a yi masa fatan alheri."

Ya yi mata godiya sosai. Ta ba shi ɗan littafi mai hoton tsoho yana dariya.

A gida matarsa ta saurara tana ninke kaya, ba ta katse shi ba har ya gama, abin da ya nuna masa al'amarin babba ne.

"To sai ka je ka faɗa," ta ce.

"Zugazugi saura masa shekara da 'yan watanni ya cika."

"Kai saura maka me? Numfashi nawa?"

"Yaransa duk suna makaranta."

"Namu a kasuwa muka sayo su, ko? Baban yara, ni ba na ƙin mutumin nan. Ya ci abinci a gidan nan, matarsa ta zauna da ni a asibiti. Amma bakinsa ne ya kai mu nan."

"Ni na ba shi hular."

"To karɓo abarka."

Ba shi da yadda zai bayyana mata, domin shi ma bai taɓa sa abin a kalma ba. Wanda ke gaba ba ya waiwaye. Yana shiga duhu ne da yardar cewa akwai mutum a gindin mota wanda ba zai bar ruwa ya yanke ba, kuma a duk shekarun nan ruwa bai taɓa yankewa ba. Ban da haka, in an ja zare ɗaya, sauran masu huhun aro za su biyo, kuma kowannensu ya taɓa jan sa daga ƙarƙashin wani abu.

Duk da haka ya je tashar washegari. Ya tarar da Zugazugi yana goge jikin mota da tsumma. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka zagi sabon famfon da aka kawo. Labarin ya riga shi isowa, kamar kullum.

"Yaya," in ji Zugazugi, bai juyo ba, "an ce ka je wajen matar nan mai tabarau."

"Na je."

"In ka ce in zo, zan zo. Wallahi zan zo."

"Na sani."

"Ka dai faɗa mini rana, in gaya wa uwar gida tukuna. Ka san ta, sai an bi ta a hankali."

Yana maganar yana goge wuri ɗaya, wurin da ya riga ya yi ƙyalli har Na-Gaba yana ganin fuskokinsu biyu a ciki, a karkace.

"Za ka huda motar hukuma," in ji Na-Gaba. "Ita kaɗai ta rage."

"Yaya, maganar—"

"Ni gaishe ku na zo yi. Wa aka ba bakin tiyo?"

Aka gaya masa. Ya ce yaron kirki ne amma yana rufe ido in ruwa ya fantsamo, a riƙa tuna masa. Ya tafi a hankali, yana tsayawa yana karanta allunan sanarwa da ya haddace tun tuni.

Kwamitin mutum uku ne a bayan dogon tebur, da ruwan gora a gaban kowa. Sun yi masa mutunci. Suka tambaye shi ko yana shan taba, ya ce a'a. Suka tambaya ko yana da wata sana'a ta gefe, fenti ko walda, ya ce a'a. Suka tambaya da me ake girki a gidansa, ya ce da risho, in kalanzir ya yi tsada da gawayi. Na tsakiya ya rubuta wannan da sauri, kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Kana da abin da za ka ƙara?"

A daidai nan tarin ya taso. Da ya sake shi a ɗakin, da sun ji abin da babu na'urar da ta taɓa ji. Amma ba a tari a gaban jama'a. Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, a ba ni minti ɗaya," ya fita ya rufe ƙofa a hankali, ya bi baranda har ƙarshe, ya sami bango ya dafa. Ya goge baki, ya ninke hankici ta yadda baƙin zai koma ciki, ya dawo ya zauna a miƙe.

"Babu, ranku ya daɗe."

Suka yaba da natsuwarsa. Hukuncin ya ce babu hujjar da ta danganta cutar da aiki, ganin cewa ta bayyana farat ɗaya bayan dogon tarihi na cikakkiyar lafiya, kuma mai yiwuwa hayaƙin girkin gida yana da hannu.

Da aka karanta wa matarsa wannan, ta dubi rishon a kusurwar kicin ta daɗe. "Ashe ni ce," ta ce. "Sannu, Baban yara. Ka yafe mini." Ba ta sake maganar ba, sai dai tun daga ranar duk lokacin da za ta ɗora tukunya takan ce masa ya fita waje, kada ta ƙarasa shi.

An yi masa walimar sallama a gindin hasumiya. Kwamanda ya yi jawabi, ya ce a tarihin tashar ba a taɓa samun ma'aikacin da bai ɗauki hutun ciwo ko na yini ɗaya ba sai shi, matasa su yi koyi. Aka ba shi allon yabo na katako mai ɗauke da wannan maganar a jiki, da agogon bango. Aka tafa. Zugazugi ya fi kowa tafi, kuma shi ya ɗauko masa kaya zuwa bakin titi.

Gidan ma'aikata na ma'aikata ne, don haka suka tashi. Wan matarsa ya ba su ɗakuna biyu a bayan gidansa, kusa da inda ake ajiye janareta. A ƙasa suke, babu matattakala, kuma kowa ya yi ta nuna masa wannan a matsayin sa'a. Fanshon ƙofa ta uku yana zuwa a kan lokaci, ba za a yi masa ƙarya ba. Yana isar abinci, ko kuɗin makaranta, ko maganin shaƙa. Matar ce ke zaɓa kowane wata, kuma ta ƙware: farkon wata yana numfashi, tsakiya ana ci, ƙarshe ana haƙuri. Babbar 'yarsa ta ajiye karatu da sunan hutun shekara guda, ta kama aiki a shagon sayar da waya. Allon yabon yana rataye a saman gado, domin akwai ƙusa a wurin.

Ya fara neman aiki. Wani gidan ajiyar kaya yana neman mai gadin rana da ya san kan gobara, wanda zai riƙa zagayawa yana duba tukwanen kashe wuta. Manajan ya ga shekarunsa na aiki ya ji daɗi, ya ga allon yabon, wanda Na-Gaba ya kawo a leda, ya ƙara jin daɗi. Abu ɗaya ya rage, takardar lafiya daga wani ƙaramin asibiti da suke hulɗa da shi, har da gwajin huhu, saboda wurin akwai ƙura.

Na-Gaba ya je ya leƙa asibitin. Na'urar tana ɗakin ciki. Mai karɓar takarda yana na waje, kansa a sunkuye kan waya.

Bai kira kowa ba. Amma labari yana da hanyarsa, kuma da safen ranar gwajin ya ji ƙarar keke a ƙofar gida. Zugazugi ne, ranar hutunsa, ya sa riga mai kyau.

Matar ta fito ta tsaya da hannu a ƙugu. "Ka zo ƙarasa aikin?"

"Ina kwana, Yaya," ya ce mata, kansa a ƙasa.

Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta dubi kwalbar maganin da ke kan taga, wadda tun jiya ake girgiza ta ba ta amsawa. Ta koma ciki ta fito da hular maigidan ta miƙa masa da kanta.

A asibitin Na-Gaba ya zauna a bencin baranda riƙe da hular Zugazugi a cinya. Aka kira sunansa, wani ya tashi ya shiga. Ta cikin ƙofa ya ji hurin, dogo, mai ƙarfi, irin wanda shi ya taɓa yi. Ya ji daɗin jin sa.

Zugazugi ya fito da takardar, ya miƙa. An rubuta lafiya ƙalau, an buga hatimi. Suka musanya huluna.

"Ka ga," in ji Zugazugi, "har yanzu da sauran—" Sai ya tsaya, ya haɗiye tarin da ya taso masa, idonsa ya kawo ruwa. Shekarun tsayuwa a gindin mota, tsakanin hayaƙin inji da wanda iska ke korowa daga gidan da ke ci, su ma ba a rubuta su a ko'ina ba. "Ina zuwa, Yaya. Minti ɗaya."

Ya bi baranda da sauri ya zagaya bayan gini. Na-Gaba bai waiwaya ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tashi a hankali ya tsallaka titi zuwa shagon da ke kallon asibitin, ya sayi gwangwanin madara ɗaya. Ya ce wa mai shagon ya huda shi biyu, ya kawo kofi.